Dodon Babban Kanal

A ƙauyukan da ke bakin babban kanal, tsakanin Kura da Bunkure, ba wanda ya taɓa gina katanga don kare yara daga ruwa. Wa yake da simintin da zai katange kanal tun daga nan har inda ido ya ƙare? Abin da iyaye mata suke yi shi ne su ajiye Dodo a ciki. Tun yaro yana rarrafe ake gaya masa cewa Dodo yana kwance a ƙasan ruwa, in ka leƙa zai fito yana ɗiga ya ja ka. Kowace uwa da irin nata Dodon, wata ta ƙara masa haƙora, wata ta ɗaura masa wutsiya, amma aikinsa ɗaya ne, kuma yana yin sa fiye da duk wani mai gadi da ake biya. Bangon kanal ɗin siminti ne mai gangara, gansakuka ta lulluɓe shi, babba ma in ya zame sai an miƙa masa gora. Yaro kuwa sai dai a je ƙofar ruwa ta gaba a jira shi.

Duk unguwar ba wadda ta kai Inna Rekiya iya Dodo. Nata ba shi da gira, ba shi da kunne, fuskarsa a narke, haƙora a waje, kuma in ya taso cewa yake, “Wa ya taka min gida? Yau na sami nama!” Ba ƙirƙirar fuskar ta yi ba. Ɗanta na biyu a can aka tsamo shi shekara talatin da suka wuce, bayan ya kwana uku a ruwa, kuma abin da ta gani ran nan shi take ba yara. Da jikarta Aziza ta fara tafiya sai ta zaunar da ita ta ɗura mata shi kamar kunu, safe da yamma. Gidan nasu yana kallon kanal ne, taku arba'in tsakani, amma har yarinyar ta shekara biyar ba ta taɓa yin rabin takun ba.

Mahaifin Aziza, Mukhtari, ɗan Inna Rekiya na uku, soja ne. Tana wata bakwai aka tura su gabas, bakin daga. Ya zo hutu sau ɗaya tana shekara biyu, ya yi kwana tara ya koma. Daga nan sai waya in an sami sabis, daga baya wayar ma ta ɗauke, sannan wata baƙuwar murya ta kira matarsa Zuliha ta ce mijinta yana asibitin sojoji, yana da rai, a gode wa Allah.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Motarsu tana bin wata hanya kullum, ta gefen wani gari da yaƙi ya cinye rabinsa. Da farko yaran garin in sun hango kaki sai su watse, don a can yaro ba ya tsayawa tantance mai bindiga, na gwamnati ne ko na daji. Abokinsa Sada, mutum mai yawan dariya, abin ya dame shi. Ya riƙa sayen biskit yana jefa musu ta taga. Yau ɗaya ya matso, gobe uku, har ta kai in sun ji ƙarar motar sai su sheƙo suna bin ta gefe da gefe suna ihu. Ranar da tayar gaba ta taka bam ɗin da aka binne, yara huɗu ne a jikin motar. Mukhtari ya ga silifas ɗin ɗaya daga cikinsu a sama kafin wuta ta rufe shi. Sada bai fita ba.

Wata goma sha huɗu ya yi a asibiti. An yanko fata daga cinyoyinsa an liƙa masa a fuska da wuya da hannaye. Kunnen hagu ya tafi, gira ta tafi, leɓen ƙasa ya janye ya bar haƙora a fili, ƙafar dama an sa mata ƙarfe ba ta lanƙwasuwa. Hayaƙi ya cinye maƙogwaron, in ya yi magana a hankali sai ka kawo kunne, in ya ɗaga murya kuwa sai ta fito kamar ana jan tsohon kwanon rufi a kan dutse. Likita ya ce sabuwar fatar ba ta gumi, saboda haka ya riƙa jiƙa ta in rana ta take, kuma ba za ta riƙa jin zafi ko sanyi ba. Shi dai ya lura ba fatar kaɗai ba ce. Da aka gaya masa Sada ya rasu ya ce Allah ya jiƙansa, ya saurara ya ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa, shiru. Da aka ce an sallame shi zai koma gida, nan ma shiru.

Zuliha da Inna sun je duba shi sau biyu, sun ga fuskar, sun yi kukansu a baranda sun share ido. Yarinyar ce ba su gaya wa komai ba. Kullum sai su ce bari dai ya zo tukuna.

Ya zo da rana tsaka. Mai adaidaita ya sauke shi a gada, ya biyo gaɓar kanal a ƙafa yana jan ta ƙarfen, fuskarsa naɗe da rawani. Kafin ya kai gida kansa ya ɗauki zafi har yana ganin bibbiyu, sai ya yi abin da likita ya ce. Ya gangara matakalar da mata suke wanki, ya kwance rawanin, ya tsoma kansa gaba ɗaya a ruwa, ya hauro. Aziza tana tsaye a ƙofar gida, an yi mata kitso, an sa mata sabuwar riga don taryar Baba. Abin da ta gani shi ne wani abu ya fito daga kanal yana ɗiga, ba gira, ba kunne, haƙora a waje, yana nufo gidansu.

Ihun da ta yi sai da akuya ta tsinke igiya. “Inna! Inna! Ya fito!” Ta saki fitsari a sabuwar rigar, ta faɗa cikin gida da rarrafe.

Mukhtari ya tsaya da jakarsa a hannu, ruwa yana bin wuyansa. Ya saurara ya ji ko wani abu zai motsa. Abin da ya zo masa kawai shi ne takalmin da ya sayo mata a tasha ya yi mata kaɗan, don ya ga girman ƙafarta lokacin da take gudu.

An yi lallashi, an yi faɗa, an yi rantsuwa. Zuliha ta ce, “Babanki ne fa, Aziza.” Yarinyar ta ce, “Ƙarya ne. Babana yana cikin waya.” Gaskiyarta kuwa. A wayar Zuliha akwai hotonsa da kaki, da ɗan gashin baki, yana murmushi, kuma wannan hoton take gaisarwa kowace safiya tun da ta iya magana. Shi take nuna wa sabon lalle, shi take kai wa ƙarar kaza. Mutumin da ke zaure kuwa in ta ji jan ƙafarsa sai ta shige bayan randa.

Sai ya koma zauren da zama. Can ake kai masa abinci, can yake shan shayinsa, ba ya shiga tsakar gida sai da rawani, sai kuma an ce ta yi barci ko ta tafi Islamiyya. Yaran unguwa ba su ɓata lokaci ba wajen raɗa masa suna. Iyayensu mata kuwa, Allah ya yafe musu, sai suka ga banza ta faɗi, tunda ga Dodo da ƙafafunsa yana wucewa ta ƙofar gida. Yaro ya ƙi wanka, a ce bari a kira na gidan Inna Rekiya. Waɗannan matan ne dai suke durƙusawa su ce masa sannu da jiki in sun haɗu a hanya, shi kuma ya amsa da yauwa, don bai ga abin da zai yi da haushi ba ko da ya same shi.

Yana da gonar shinkafa ta gado a tsallaken kanal, daidai saitin gidan, sai dai in da ruwa dole a zaga ta gada, tafiyar da ke cin mai lafiyar ƙafa minti goma sha biyar. Shinkafar ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun sauka kamar hayaƙi, sai ya ɗauki aikin kora. Ya kafa rumfa mai tsawo, ya ja igiyoyi zuwa kusurwoyin gonar, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Tun fitowar rana yake hawa ya zauna, in garken ya sauko ya ja igiya, su tashi, su zaga, su dawo, ya sake ja. Aikin ya dace da shi, don ba ya buƙatar tunani.

Mutum ɗaya ne yake hawa rumfar ya zauna da shi, Baba Dattijo mai riƙe da makullin ƙofar ruwa ta yankin.

“Soja, cire ƙyallen nan ka sha iska,” in ji shi. “Shekara ashirin da shida ina tsamo abin da ruwa ya kawo min. Fuskarka ba ta cikin waɗanda suke hana ni cin tuwo.”

Mukhtari ya cire. Suka zauna suna kallon tsuntsaye.

“'Yar taka fa? Har yanzu?”

“Har yanzu, Baba.”

Abu ɗaya ne ya rage masa da zai iya kira buri, wato yarinyar nan ta dube shi ta ce Baba. Ba wai rashin hakan yana yi masa ciwo ba ne, da ma yana yi da ya gode. Yana dai zaton in kalmar ta fito daga bakinta, wataƙila abin da ya kwanta a ƙirjinsa tun ranar motar zai ɗaga kai. Likitoci sun gwada allura, malamai sun gwada rubutu, wannan kaɗai ne ba a gwada ba.

Zuliha ce ta kasa jurewa. Wata ranar Juma'a da hantsi, tana tsince shinkafa a faifai, ta jawo Aziza jikinta ta ce za ta ba ta labarin Dodon kanal na gaskiya. Mukhtari yana zaure yana gyaran igiya, yana jin komai.

“Ba Dodo ba ne tun asali,” in ji Zuliha. “Mutum ne, yana da 'yarsa kamar ke. Sai gobara ta tashi a wani gari mai nisa, ya ce bari ya je ya kashe ta kada ta iso gidansu. Ya kashe, amma ta lashe masa fuska. Zafi ya ishe shi, sai ya shiga kanal don ya huce. Ba ya kama yara. Yunwa ce take sa shi gurnani, don kowa gudunsa yake, ba mai kai masa abinci.”

“To ya zai yi?” in ji Aziza.

“Ran da 'yarsa ta kai masa tuwo da hannunta, ta kira shi Baba, ran nan zai tuna ko shi wane ne.”

Inna Rekiya ta fito daga ɗaki da carbi a hannu. “Zuliha, tatsuniya da rana tsaka? Wannan kuma wace sabuwar ɗabi'a ce?” Ta kori yarinyar ta je ta ba kaji ruwa, sannan ta rage murya. “Ki gyara mata ubanta, ban hana ki ba, ni na haife shi. Amma ki bar min kanal yadda na ajiye shi. Kin zaci don daɗin baki nake yi?”

“Inna, Dodon naki ne ya raba uba da 'yarsa,” in ji Zuliha, idonta a faifai. “Wata uku ke nan yana cin abinci a zaure kamar baƙo.”

Inna ta juya ta koma ɗaki. Ita ma ɗanta ne a zauren, kuma ta san da wace fuska ta gina Dodon nata. Mukhtari ya ci gaba da ƙulla igiyarsa. Biskit ɗin Sada ya gifta masa a rai, ya bar shi ya wuce kamar yadda yake barin komai.

Labarin kuwa ya kama. Kullum sai Aziza ta ce a sake mata, kuma Zuliha ba ta gajiya. Bayan mako guda ya fara ganin ido ɗaya yana leƙo shi ta gefen labulen zaure. Wata safiya ya tarar da gyaɗa guda biyar a jere a bakin ƙofa, ya ɗauka ya cinye a inda za ta gani. Wata rana kuma Zuliha ta shigo da fara'a har kunne.

“Abban Aziza, ka ji kuwa? Ɗazu da kake alwala ta lallaɓo ta bayanka ta taɓa maka hannu.”

Ya dubi hannun, gaba da baya. “Wanne?”

“Na dama. Ba ka ji ba?”

“Ban ji ba,” in ji shi. Fara'arta ta ragu, ta ɗauki kwanon da ta zo ɗauka ta fita.

A cikin watan aka rufe babban kanal na kwana shida don yashe. Haka ake yi in laka da ciyawa sun cika shi: a datse ruwa daga sama, kowace unguwa ta fito da shebur ta kwashe nata rabon. Kanal ya koma wani dogon rami mai ɗan ruwa iya idon sawu, kuma ba mai zagawa ta gada, kowa sai ya gangara ta matakala ya tsallaka ya haura. Mata da tallarsu, maza da buhunansu, har da masu tura keke. Aziza tana ƙofar gida tana kallon mutane suna shiga gidan Dodo suna fita lafiya, kwana shida cur.

Ran Alhamis bayan sallar asuba Baba Dattijo ya miƙe a masallaci ya ce za a sako ruwa kafin azahar, kowa ya ja wa iyalinsa kunne. Mukhtari ya tsallaka ta ramin da sassafe ya hau rumfarsa. A gida Zuliha ta tuƙa tuwo, ta zuba masa a langa, ta ɗaure da ƙyalle ta ajiye a bakin murhu, da niyyar in ta watsa ruwa ta zaga ta gada ta kai masa. Ta shiga wanka. Inna tana ɗaki zafi ya sa ta gyangyaɗi.

Yana zaune igiya a hannu ya ji shi. Kunnensa ɗaya ne amma ya san aikinsa: wani gurnani ƙasa-ƙasa daga sama, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa. Ya juya don kawai ya ga isowar ruwan, sai ya hangi jar riga a ɗaya gaɓar.

Aziza ce, langa a ka, ta riƙe da hannu biyu, tana taka matakalar ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje don kada miya ta zube. Ba kowa a gaɓar. An yi sanarwa, rana kuma ta kori kowa inuwa.

Ya diro daga rumfar, ƙafar ƙarfen ta kayar da shi, ya tashi ya ja ta. Kafin ya kai bakin kanal ta sauka matakala ta ƙarshe, ta sa ƙafa a laka. Ya ce, “Koma,” amma muryar ko tsakiyar ramin ba ta kai ba. Ya ɗaga hannu yana kora ta. Ta ɗauka gaisuwa ce. Ta tsaya, ta dubi rawanin, sannan ta yi irin murmushin da take yi wa waya.

“Baba! Na kawo maka tuwo!”

Abin ya motsa. Ka san yadda ƙafa take yi in ta yi barci sannan jini ya dawo mata, da ciwo da zugi kamar ana soka ƙaya? Haka ƙirjinsa ya yi, karo na farko tun ranar motar, har ya dafe wurin. Yana son 'yar nan, yana son ta har numfashinsa ya sarƙe. Bai fi numfashi biyu yana jin haka ba goshin ruwan ya ɓullo ta kwanar kanal, ja wur da laka, yana turo karan masara da ledoji a gabansa.

Ya auna da ido kamar yadda aka koya masa. Faɗin ramin, ƙafarsa, gudun ruwan. Ba zai kai gare ta ba, ko da ƙafa biyu ne. Ita kuwa matakala goma sha biyu ce a bayanta, in ta juya yanzu da gudu za ta haye. In ya lallashe ta za ta tsaya tambaya, in ya yi mata faɗa irin na uba za ta tsaya kuka. Ya san abin da yake sa yaro gudu ba waiwaye, ya kuma san waɗanne yara ne suka rayu a garin nan na gabas. Waɗanda ba su taɓa zuwa karɓar biskit ba ne.

Ya fizge rawanin ya yar. Ya zube da hannaye da gwiwa ɗaya ya gangaro bangon simintin yana jan ƙafar ƙarfen a baya, ya wage baki, ya saki muryar gaba ɗaya.

“Wa ya taka min gida? Yau na sami nama!”

Yana kallo murmushin ya bar fuskarta. Langar ta faɗo, murfin ya yi gefe, tuwon ya kife a laka. Ta juya ta kama matakala da hannu da ƙafa, tana ihun da ya fi na ranar farko. Bai tsaya ba. Ya bi ta cikin lakar yana gurnani, yana dukan ruwa da tafin hannu, yana maimaita maganar Inna, har sai da ya ga jar rigar ta haye gaɓa ta ɓace. Sannan ruwan ya buge shi ta gefe ya nannaɗe shi.

Baba Dattijo yakan biyo goshin ruwa a kan babur ɗinsa duk ranar da aka sako, da doguwar gora ɗaure a baya. Shi ya cim masa can ƙasa da unguwa, yana riƙe da wani ƙarfe da ya fito daga siminti, ya miƙa masa gorar. Mukhtari ya hauro ta gaɓar gari, ba rawani, ba takalmi, laka har ka, ruwa yana zuba daga jikinsa. Ihun yarinyar ya riga ya tara mutane. Yara suka gan shi suka watse, wasu har da faɗuwa.

“Na ga abin da ka yi daga kwana,” in ji Baba Dattijo a hankali. Ya cire hularsa ya matse, duk da ba ita ta jiƙe ba.

Bayan la'asar Aziza tana kwance a cinyar Inna, jikinta ya yi zafi, tana firgita in an taɓa ƙofa. Zuliha ta zo zaure idanunta sun kumbura, Inna ta lallaɓa ta kwantar da yarinyar ta biyo ta.

“Laifina ne,” in ji Zuliha. “Bari zazzaɓin ya sauka, zan zaunar da ita in gaya mata don ita ka yi. Tana da wayo, Abban Aziza, za ta gane.”

“Kada ki gaya mata.”

“Ta kira ka fa. Baba Dattijo ya ce da kunnensa—”

“Na ji,” in ji Mukhtari. Suka matso don muryar ta ƙara dushewa. “Shekararta biyar. Ruwan nan yana nan gobe, yana nan baɗi. In ta gane, za ta koma.” Ya juya wajen mahaifiyarsa. “Inna, ki mayar mata da shi yadda yake. In akwai abin da za ki ƙara masa, ki ƙara.”

Inna Rekiya ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Maganarta ce ta tabbata, kuma da za a ba ta zaɓi da ta so a ce ita ce ta yi ƙarya.

“Har yaushe?” in ji Zuliha.

“Har ta yi hankalin da za ta ji tsoron ruwa don kansa.”

“Kafin nan ai ta saba da gudunka.”

“Na sani.”

Suka koma ciki. Zuliha ta aiko masa da shayi, ya riƙe kofin ya zauna yana kallon ƙofa. Rana ta yi sanyi, ruwan kanal ya cika ya kwanta lumui kamar bai taɓa yin komai ba. Can ya ji yarinyar ta farka tana cewa a ba ta waya. Da aka ba ta, sai muryarta ta zo ta bango, ƙasa-ƙasa, irin ta mai kai ƙara.

“Baba, na kai maka tuwo Dodo ya zubar. Umma ta ce ba ya kama yara, ashe yana kamawa. Baba, yana zaurenmu. Ka zo da bindigarka ka kore shi.”

Mukhtari ya saurara ya ji ko abin zai sake motsawa. Abin ya riga ya koma inda yake kwance. Da ya sunkuya sai ya ga kofin ya karkace tun ɗazu, shayin ya zubo masa a bayan hannu har fatar ta tashi, bai sani ba. Ya ajiye kofin a ƙasa, ya goge hannun da rigarsa, ya jawo jakarsa yana neman ƙyallen da zai yi sabon rawani da shi, don jan-baki da sassafe suke sauka.